Mankozeb, Antracol ko Ridomil: wanne ya dace da gonarka?

Duk wanda ya shiga shagon maganin gona a kasuwar Sinnar ko Wad Madani a Sudan gab da dashen hunturu, zai tarar da ledoji jere a kanta, kowace da hoton tumatir jajur kamar a kai hannu a tsinka. Mai shago zai ce maka wannan na Jamus ne, wancan na Indiya ne, na can kuma ya fi ƙarfi. Juya ledar ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna, za ka ga da yawansu 'yan gida ɗaya ne. Sunan gidan ditiyokabamet, kuma a cikinsa ake samun mankozeb, maneb, zineb, metiram, firofineb, tiram da ziram. Dukkansu maganin cututtukan fumfuna ne, ba sa kashe ƙwari.

Kafin a zo ga zaɓi, akwai abin da na ga yana cinye kuɗin manomanmu daga Mai Wurno har hawwashoshin Jazira, wato gonakin ban-ruwa na yankin. Mutum zai ga ganyen tumatirinsa ya nannaɗe, ya yi rawaya, shukar ta tsugune ta ƙi girma, sai ya ruga ya sayo mankozeb. Wannan cuta farin ƙuda ne ke yaɗa ta, kuma ko buhu guda ka juye mata ba za ta san ka yi ba. Haka farar ƙurar nan da ke rufe ganyen kuɓewa da kabewa da kankana kamar an barbaɗa gari, wadda Larabawa ke kira bayad daƙiƙi. Ita ce ta fi damunmu saboda bushewar iskarmu, amma mankozeb da 'yan'uwansa ba su da wani kataɓus a kanta. Maganinta farar wuta, ga ta kuma da araha, sai dai a kiyaye fesa ta cikin tsananin zafi don tana ƙona ganye. Ni kaina na taɓa yin feshi uku a banza kan kuɓewa bisa shawarar wani mai shago, kafin wani tsohon malamin gona ya kalli ganyen sau ɗaya ya yi dariya.

Inda waɗannan magunguna suke cin kasuwarsu shi ne cututtukan laima: ɗige-ɗigen nan masu zobe-zobe a ganyen tumatir da dankalin Turawa, tabon shuni a ganyen albasa, ɗigon ganyen gyaɗa da damina, da ƙunar ganye mai saurin gaske da ke biyo bayan raɓa da sanyi. Ko a nan ma rigakafi suke yi. Garin yana kwanciya a bayan ganye ya hana ƙwayar cutar tsirowa, ba ya shiga cikin jikin shuka. Ganyen da ya riga ya kamu ya kamu ke nan, sabon tohon da ya fito bayan feshi kuma tsirara yake. Shi ya sa ake maimaitawa duk kwana 7 zuwa 10, da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Mankozeb shi ne jigon gidan. Kamfanin Rohm and Haas na Amurka ne ya fito da shi a farkon shekarun 1960 da sunan Dithane M-45, kuma har yau yana cikin magungunan fumfuna da aka fi sayarwa a duniya. Yawanci gari ne mai ruwan ɗorawa, kashi 80 cikin ɗari, da sinadaran manganis da zink a jikinsa. Wannan ne ya sa ganye kan ƙara kore bayan feshi, har wasu su ɗauka taki ne. Yanzu Indiya ce cibiyar sarrafa shi, a hannun kamfanoni irin su UPL da Indofil da Coromandel, sai Sin a bayanta. Saboda haka ledar da aka rubuta mata Indiya ba jabu ba ce don kawai ta fito daga can. Can ne gidan abin. Farashinsa kuwa ba a Sinnar ake yanke shi ba. Manoman waken suya na Burazil sun koma gare shi da yawa tun da tsatsar ganye ta fara bijire wa sababbin magunguna, masu gonakin ayaba a Latin Amurka da Filifin kuma suna fesa shi kusan duk shekara. In suka yi babbar saye, mu da ke jiran kaya ta Port Sudan sai mun ji a aljihu, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula hanyoyi.

Babbar falalar mankozeb ita ce yana dukan ƙwayar cuta ta wurare da dama a lokaci guda, don haka ya shafe sama da shekara 60 ana amfani da shi ba ta saba da shi ba. Ga mai albasa ko gyaɗa da ke neman kariya mai sauƙin kuɗi, ni a wurina shi ne zaɓin farko.

Antracol na kamfanin Bayer firofineb ne, kashi 70, kuma zink ɗinsa ya fi na mankozeb yawa. A ƙasar laka mai kanwa-kanwa irin ta Jazira, inda shuka kan yi ƙarancin zink, wannan ƙari ne mai amfani. Amma aikinsa kan cuta kusan ɗaya ne da na mankozeb, in kuma tazarar kuɗin ta yi yawa ban ga dalilin wahalar da kai ba. Polyram na BASF, wato metiram, haka yake. Maneb da zineb tsofaffi ne da mankozeb ya maye gurbinsu. In ka gan su a kanta, fara duba shekarar da aka yi su.

Ridomil Gold MZ 68 na Syngenta wani lissafi ne daban. Kashi 64 mankozeb ne, kashi 4 kuma metalaksil-M, wanda ke ratsa ganye ya bi jikin shuka. Wannan ɗan kashi 4 ɗin shi kake biya da tsada. Yana da daraja idan ƙunar dankali ko fumfunar ƙarƙashin ganyen albasa da kankana ta fara leƙowa ana cikin raɓa. A kan ɗigon zobe na tumatir kuwa metalaksil ba ya komai, mankozeb ɗin da ke ciki ne kaɗai ke aiki, ka ga ka sayi doki don aikin jaki. Kuma ba a wuce sau biyu ko uku a shuka guda, don cutar na saurin sabawa da shi.

Tiram kuma ba na feshi ba ne a wurinmu, na wanke iri ne. Masu dawa a Gadarif da Damazin sun san burtuntuna, wadda ke mai da zangarniya baƙin gari. Ƙwayarta a jikin iri take zuwa, 'yan giram kaɗan na tiram a kowane kilo na iri suna hana ta. Sai dai a duba abin da aka haɗa shi da shi, domin tsofaffin haɗe-haɗe na ɗauke da lindan, maganin ƙwarin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta haramta a 2009. Irin da aka wanke ba a ci, ba a ba kaji. Tiram yana sa kaza ta yi ƙwai mai laushin ɓawo. Abin mamaki, wannan tiram ɗin da ziram su ne ake zubawa a masana'antun roba don taya ta yi ƙwari, wasu 'yan gidan kuma ana tace gurɓataccen ruwan masana'antu da su. A gidan akwai kuma metam sodiyam, ruwa ne da ake kashe ƙwayoyin cikin ƙasa da shi kafin shuka. Na masu gidan leda ne da ƙwararru, ba na ƙaramin manomi ba. A 1991 tankin jirgin ƙasa guda ya zube a kogin Sakramento na Kalifoniya, ya kashe kifaye a tsawon kilomita da dama.

Za ka ji ana cewa Turai ta hana mankozeb. Gaskiya ne. Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izinin tiram da firofineb a 2018, na mankozeb kuma a ƙarshen 2020, shi saboda fargabar illa ga haihuwa da kuma wani sinadari, ETU, da ke fita idan maganin ya lalace, mai taɓa maƙoƙo. Indiya da Burazil da ƙasashe da yawa na ci gaba da amfani da shi. Mai kai kaya kasuwar Jidda ko Turai ya tambayi mai sayensa iyakar da aka gindaya tun kafin ya yi feshi. Mai sayarwa a gida kuma ya kiyaye kwanakin jira da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, ya sa safar hannu, ya rufe hanci lokacin dama garin, don a nan ne aka fi shaƙarsa.

A shagon, kada ka karɓi wanda aka ɗebo daga buhu aka ƙulla a farar leda. Nemi leda rufaffiya mai lambar rajista ta hukumar magungunan ƙwari ta Sudan da ranar sarrafawa; shekara biyu ce rayuwarsa, zafin ɗakin kwano a watan Mayu kuma yana rage ta. Matsa ledar da yatsa: in garin ya dunƙule, laima ta shige shi, a bar wa mai shago kayansa. Kwatanta farashi da adadin da faddan ɗaya (kusan eka guda) ke ci, ba da girman leda ba. Mankozeb mai kashi 80 kan ci kusan kilo guda a faddan, amma abin da ke jikin ledar shi za ka bi. Ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, mai laka a bar shi ya kwanta kafin a dama, kada a haɗa da toka ko farar ƙasa, kuma abin da aka dama da safe a fesa shi a ranar, kada ya kwana a cikin injin goyo.