Farin ruwa mai ƙarni ga mai ciki: gwajin lab na unguwa ko na wajen awo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yar'uwarmu ta Agege ta kawo tambaya: cikinta wata biyar, tana ganin farin ruwa tsararo mai ƙarni. Ta je lab na unguwa aka ɗebi ruwan da tsinken auduga, bayan kwana uku aka miƙo mata takarda da sunan wata ƙwayar cuta da jerin magunguna. Da ta kai takardar wajen awo, likita ya ce BV yake zargi, wato bacterial vaginosis, rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a gaban mace, a sake wani gwajin. Tana so ta san wanne za ta kama, kuma ko kuɗinta kawai ake ci.

'Yar'uwa, ba cin kuɗi ba ne. Ni da nake aikin unguwarzoma, bayan likitan nake bi, ga kuma dalilina.

Gaban mace mai lafiya cike yake da wasu ƙwayoyi masu amfani da ake kira Lactobacillus. Su ne ke sa wurin ya yi tsami, tsamin kuma shi ke hana sauran ƙwayoyi yaɗuwa. BV na samuwa ne idan masu amfanin nan sun ragu, irin su Gardnerella da 'yan'uwanta suka mamaye wurin. Ba a masai ake ɗaukarsa ba, duk da cewa haka kowa ke faɗa a Legas. Matsalar gwajin da aka yi miki, wato HVS da ake shuka ruwan a faranti a jira a ga abin da zai tsiro, ita ce Gardnerella na zaune a jikin mata da yawa da lafiyarsu ƙalau. Kamar ki tambayi manomi ko akwai ciyawa a gonarsa ne: kowace gona akwai, abin tambaya shi ne ko ta danne hatsin. Shuka ba ta amsa wannan, shi ya sa hukumar CDC ta Amurka ba ta yarda a gano BV da ita ba. Sau da yawa ma abin da ke tsirowa ƙwayar fata ce ko ta hanji da tsinken ya shafo, sai a rubuta Staph, mace ta kwashi takarda ta nufi kemis. Mai ciki kuwa ba kowane magani ne a jerin nan ya dace da ita ba.

Gwaje-gwajen da suka dace da BV biyu ne tun tuni, kuma kowanne da inda ya fi.

Na farko shi ne na Amsel, wanda aka wallafa a 1983. A ɗakin duba marasa lafiya ake yinsa, ana neman alamu huɗu, uku sun isa. A duba ruwan: tsararo ne, fari zuwa toka-toka, ya shafe bangon gaba? A goga shi a 'yar takardar auna tsami, idan pH ya wuce 4.5 tsamin ya ragu ke nan. A ɗiga masa sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, idan BV ne nan take ƙarnin kifi zai taso, har sai ka kau da kai. Sannan a sa ɗigo ɗaya a gilashi da ruwan gishiri a duba a maikuroskop. Ƙwayar fatar gaba mai lafiya gefenta a fili yake, sumul. Wadda BV ya kama kuwa ƙananan ƙwayoyi sun lulluɓe ta har gefen ya ɓace, ya yi dishi-dishi. Idan irin waɗannan sun kai kashi 20 cikin 100, alama ta huɗu ta cika.

Daɗin Amsel shi ne ba tsada, kuma ranar za ki san matsayinki. Ga wadda za ta hau danfo daga Mile 12 ko Agege da tsohon ciki, rage zirga-zirga ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. A wannan ɗigon kuma ana iya ganin fangas mai kawo ƙaiƙayi da ruwa mai kauri, ko ƙwayar cutar Trichomonas tana motsi, waɗanda mu duka muke haɗawa mu ce sanyi alhali magungunansu ba ɗaya ba ne. Amma yana da rauni, musamman ga mai ciki. Ciki da kansa yana ƙara farin ruwa, don haka alama ta farko na iya ruɗar da ido. Maniyyi, jini da ruwan faya duk suna ɗaga pH ba tare da BV ba. Ƙarni kuma hancin mai gwaji ne ke yanke hukunci. Ga shi ba kowane ƙaramin asibiti ke da takardar pH da KOH da maikuroskop a lokaci guda ba, in ma akwai sai a ce babu wuta. Ɗigon kuma ba ya jira, dole a duba shi da ɗuminsa.

Na biyu shi ne makin Nugent na 1991, kuma a kan mata masu ciki aka tsara shi tun farko. Nan shafa ruwan ake yi a gilashi a bar shi ya bushe, a rina shi da rinin Gram, a ƙirga siffofin ƙwayoyin: dogayen sandunan Lactobacillus nawa, gajeru irin Gardnerella nawa, masu lanƙwasa nawa. Maki daga 0 zuwa 10 ne. Daga 0 zuwa 3 lafiya lau, 7 zuwa 10 BV ne, 4 zuwa 6 kuma tsaka-tsaki. Shi ne ma'aunin da ake gwada sauran gwaje-gwaje da shi. Abin da ya fi burge ni da shi, gilashin da ya bushe ba ya lalacewa a goslo, ana iya kai shi wani lab, wani ƙwararren ya sake dubawa idan an yi shakka. Mai jin kunyar a sa mata ƙarfen duba gaba kuma tana iya tambaya ko za a bar ta ta ɗebi ruwan da kanta. Nakasunsa: sai ido mai horo, sakamako ba lallai ya fito ranar ba, sannan idan kika faɗa 4 zuwa 6 dole likita ya koma kan alamunki ya yanke shawara. Asibitocin koyarwa irin su LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da sashen nazarin ƙwayoyin cuta, kuma rinin Gram aiki ne na yau da kullum a lab mai kyau.

Akwai na zamani. OSOM BVBlue na neman wani sinadari da ƙwayoyin BV ke fitarwa, cikin kamar minti 10 ya canza launi. Na'urori irin su BD MAX kuma ƙwayar halittar cutar suke karantawa kai tsaye. Suna da kyau, sai dai tsada, kuma ban ga dalilin da zai sa ki bazama neman su ba alhali gilashi da rini sun isa.

To a taki matsalar, tunda kina da alamu, ki yi wanda likita ya ce. Idan suna iya Amsel cikakke a wajen awo, ya wadatar. Idan lab za a tura ki, ki tabbatar an rubuta a yi rinin Gram a ba da makin Nugent, ba shuka kaɗai ba. Kafin ki je kada ki wanke can ciki, kada ki yi matsi ko tsuguno, bagaruwa da kanumfari da miski duk ki ajiye su, kuma ki ɗaga wa maigida ƙafa a daren. In kin riga kin fara shan wani abu daga jerin nan, ki faɗa wa likita sunansa, domin yana iya ɓoye sakamako.

BV na da alaƙa da haihuwar bakwaini, fashewar faya kafin lokaci da ciwon mahaifa bayan haihuwa, don haka mai alamu ana yi mata magani, galibi metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl, na kwana 7, ko clindamycin. Likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba. Sauran masu ciki da ba su ga komai ba kuwa, kada ku tashi hankalinku: a 2020 kwamitin masana rigakafi na Amurka ya ce kada a riƙa gwada mai ciki marar alamu wadda ba ta cikin haɗarin haihuwar bakwaini. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko ɓarin babban ciki, ita ta faɗa wa likitanta tun awon farko.

Idan kuma ruwan ya koma zuba kamar fitsari ba ya tsayawa, ko ya zo da jini, zazzaɓi ko ciwon mara, wannan ba na jiran ranar awo ba ne, ki tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Allah Ya raba lafiya.