Allon wing foil: lita nawa za ka saya, kuma ka yi hattara da na hannu

Duk wanda ya shiga wasan wing foil, wato ka tsaya kan allo riƙe da fiffike mai iska, a ƙasan allon kuma ga foyil da ke ɗaga ka sama da ruwa, tambayarsa ta farko ita ce allo mai lita nawa zan saya, don da lita ake auna girman allon. Ni a Dahab na koya, bakin Bahar Maliya a Masar, kuma wallahi na sha ruwan gishiri har na gode Allah kafin lissafin ya zauna min.

Lissafin kuwa ba wuya, lita ɗaya tana ɗaukar kusan kilo ɗaya. Ɗan koyo ya hau sikeli, abin da ya gani ya ƙara 30 zuwa 40 a kai. Ni kilo 78 ne, kenan wajen lita 110 zuwa 120. In a ruwan tafki za ka yi to ka ɗan ƙara, don bai kai na gishiri ɗaga mutum ba.

Nawa zaɓin dai allo mai tauri ne, wajen ƙafa 6 a tsawo, faɗi inci 28 zuwa 30, irin su Fanatic Sky Wing ko F-One Rocket Wing manya. Mutane na ta maganar lita suna manta faɗi, alhali faɗin ne ke riƙe ka lokacin da ka durƙusa kan gwiwa kana jawo fiffiken da igiya, igiyar ruwa na bugun ka ta gefe, kana neman miƙa ƙafar gaba ka tashi tsaye. A faffaɗan allo kana da sararin gyara tsayuwa, iska ta mutu kuma ka lallaɓa ka dawo gaɓa a tsaye ba da iyo ba. Eh wata rana zai yi maka girma, to sai me, allon koyo ba ya kwantai, kullum akwai sabon shiga da ke nema.

Allon da ake hura wa iska kuwa daɗinsa jaka ɗaya ka hau jirgi, amma mannewa yake da ruwa wajen tashi. Dogayen siraran nan da ake yayi suna tashi a iska kaɗan, sai dai ɗan koyo kamar ya hau gungume ne. Wanda litarsa ba ta kai nauyinka ba kuwa na gwanaye ne, bar musu kayansu.

Yanzu ga inda aka ci ni. Allona na farko na hannu ne, wani ya ce min lita 110 ne, ashe ya liƙa sitika kan inda aka rubuta 95, ƙarƙashin wata sitikar kuma tsagewa ce. Cikin allunan nan farin soso ne mai shan ruwa, ranar da na ajiye shi a rana sai ga ruwa na tsattsafowa daga tsagar har da kumfa, ya bushe ya bar farin gishiri. Mutumin kuwa waya a kashe.

Saboda haka in za ka sayi na hannu je da sikeli, ka gwada nauyinsa da abin da kamfanin ya rubuta na wannan samfurin, in ya zarce sosai to ya sha ruwa. Duk sitika a ɓare ta a gabanka, in ya ƙi ka kama gabanka. Bi saman allon da babban yatsa kana dannawa, inda ya lotsa ko ya yi ƙara fatar ta rabu da soson. Sannan ka kifa shi ka duba ramuka biyun da ake ɗaura foyil, tazararsu santimita 9 ce a yawancin alluna, ka ɗaura foyil ɗin ka girgiza, in ramin na motsi ko da tsaga a gefensa gyaran ba ƙaramin kuɗi ba ne. Masu sa hoton sabon allo a Facebook da rabin farashi su ce turo kafin alƙalami kuma, ka ce a yi kiran bidiyo a nuna maka lambar da ke jikin allon, daga nan yawanci ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba.