Maganin kwalba ko filta mai raba ruwa: amsa ga mai Hilux ɗin da ruwa ya shiga wa tanki

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya tsare gaba. Tunda ka ce fitilar dashbod mai nuna ruwa a cikin mai ta kama maka bayan ka sha gas, wato dizal, a hanya, kuma kana tsakanin zuba maganin kwalba da ake cewa yana shanye ruwa da ɗaura ƙarin filta mai raba ruwa da mai, to filta za ka saya. Amma kafin ka sayi komai, ka ajiye motar nan. Kada ka sake tayar da ita sai an duba yawan ruwan da ke ciki an fitar da shi.

Tawa Hilux ce mai injin 2KD, wato D-4D mai lita 2.5, kuma kasuwannin ƙauye take ci, inda ba kullum mutum yake da zaɓin gidan mai ba. Tun ina sabon sayenta wani dattijon bakanike ya matsa mini sai na ɗaura mata filta irin ta Racor, mai kofin roba a ƙasa wanda ana ganin cikinsa. A lokacin kuɗin ya yi mini yawa, amma na bi maganarsa. Wata damina, cikin Agusta, na cika tanki a wani gidan mai na bakin hanya bayan an kwana ana ruwa. Da yamma na buɗe bonet kamar yadda na saba, sai ga ruwa kwance a gindin kofin, gas a samansa, layin da ya raba su a fili. Na kwance ɗan famfon ƙasa na zubar, na yi tafiya kaɗan, ya sake taruwa, na sake zubarwa. Haka na lallaɓa har gida, washegari muka sauke tanki. Motar ko tari ba ta yi ba, fitilar dashbod ma ba ta kama ba, domin ruwan bai kai ga filtar kamfani da motar ta zo da ita ba balle nozul, abin da ke fesa mai cikin injin. Wallahi har yau ina yi wa dattijon nan addu'a. Wani abokin sana'ata da ya sha a wurin a ranar, irin motarmu ɗaya, sai da ya canja nozul huɗu.

Abin da ya sa wannan filta take aiki ba boyayye ba ne. Ruwa ya fi gas nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta gas kuwa wajen giram 830 zuwa 850. Saboda haka duk inda suka haɗu ruwa ƙasa yake kwanciya, kuma daga ƙasan tanki ake zuƙo mai. Takardar da ke cikin filtar an yi ta ne yadda ƙananan ɗigon ruwa za su haɗu su yi nauyi su faɗa kofi, gas ya wuce. Ruwan fita yake daga motar gaba ɗaya, ka gan shi da idonka, ka zubar a ƙasa.

Maganin kwalba kuwa, na taɓa sayen guda, ban ga abin da ya tsinana mini ba. Kuma matsalarsa ta wuce asarar kuɗi. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa suna "shanye ruwa" sinadarin alkohol ne a ciki. Ba ɓatar da ruwan suke ba, narkar da shi suke cikin gas ya zama ƙanana ƙwarai, yadda filta ba za ta iya tare shi ba. Ka ga ke nan ruwan da ya kwanta a gindin tanki an ɗauko shi an miƙa wa famfo da nozul. A motar fetur wannan dabarar tana iya wucewa. A dizal na zamani ɓarna ce.

Na san za ka ji tsofaffin direbobi suna cewa su dai magani suke zubawa su wuce, ba abin da ya taɓa faruwa. Ba ƙarya suke ba, injinsu ne daban. Tsofaffin injin 3L da 5L famfon gargajiya ne da su, ƙarfin turin mai, wanda ake aunawa da bar, bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, suna da haƙuri. Irin naka da nawa, injin 1KD da 2KD, suna tura mai tsakanin bar 1,350 da 1,800 gwargwadon shekarar mota, sababbin injin GD ma sun fi haka. Ƙarafan da ke cikin famfo da nozul ɗin nan ba su da wani man shafawa sai gas ɗin kansa. Ruwa ba ya da santsi, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. In mota ta kwana da shi tsatsa ta kama. In ya kai bakin nozul cikin zafi ya zama tururi, yana iya fasa bakin. Ka duba ma'aunin Turai na EN 590: ruwan da aka yarda a samu cikin gas bai wuce miligiram 200 a kowane kilo ba. A tanki mai lita 80 wannan wajen giram 13 ne, cokalin cin abinci ɗaya ma bai cika ba. To wanda fitilarsa ta kama ya wuce nan nesa, kuma ba kwalbar da za ta gyara wannan.

Iyakar inda zan yarda da magani shi ne bayan an wanke tanki, idan an tarar da baƙin yauƙi a ciki. Ƙwayoyin cuta ne da ke rayuwa a tsakanin ruwa da gas, suna toshe filta, kuma akwai maganin kashe su na musamman. Wannan daban ne da na shanye ruwa.

Yanzu ga abin yi yau, domin sabuwar filta ba za ta wanke tankin da ya riga ya ɓaci ba. A ƙarƙashin filtar kamfani akwai abin kwancewa na roba. Tara gorar ruwa mai haske, sassauta shi da hannu, ka riƙa danna famfon hannu da ke saman filtar har gas mai tsabta ya fara fitowa. Ajiye gorar ta zauna. In ɗigo kaɗan ne a ƙasa kuma gas ɗin garau yake, canja filta ka ci gaba da dubawa. In ruwan da yawa, ko gas ɗin ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, sai an sauke tanki, a juye, a wanke, a busar, a hura tiyo, a sa sabuwar filta, a fitar da iska. Ka tsaya a kan aikin da kanka, ka sa a yanka tsohuwar filtar a gabanka. In ka ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a jikin takardar, famfo ya fara cinyewa, kuma canja nozul kaɗai ba zai isa ba, garin zai sake kashe sababbin. Haka in ta riga ta fara farin hayaƙi, ko rawa a sulo, ko mutuwa in ka taka totur, kai ta wurin mai na'urar gwajin nozul, kada a yi maka canki-canka.

Wajen ɗaura ƙarin filtar akwai abin lura. A sa ta tsakanin tanki da filtar kamfani, kuma kada a cire ta kamfanin. Ka nemi mai maikron 30 ko 10, wato ma'aunin ƙanƙantar abin da take tacewa, ta tare ruwa da manyan datti, ta kamfani ta ƙarasa tace ƙananan. Injin 2KD da 1KD ba su da famfon lantarki a cikin tanki, babban famfon ne yake zuƙo mai da kansa, don haka filta mai matsi da yawa wahalar da shi za ta yi, kuma duk mahaɗar tiyon da ba ta ɗauru ba iska za ta sha, ka wayi gari mota ta ƙi tashi. A nesanta kofin da salansa, a sa shi inda hannunka zai kai ba tare da sifana ba. In yana da wuyar kaiwa ba za ka riƙa dubawa ba, amfaninsa kuma a dubawar yake.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, domin abin yana ƙona mini rai. Jabun filta ta cika kasuwa, kwali da tambari sak na asali, ciki kuwa takardar banza ce da ba ta tare ruwa ko kaɗan. Duk wanda ya ba ka a rabin farashi, bar masa kayarsa. Akwai kuma masu wanke tsofaffin nozul su sa a leda su ce sababbi ne. Nozul ɗin kamfanin Denso na yawancin waɗannan injina kowanne da lambarsa a kai, wadda dole a shigar wa kwamfutar mota; wanda ya ce maka ba sai an shigar ba, ɗauki motarka ka bar garejinsa. Masu sayar da gas a jarka da durom wasunsu na tsoron Allah, amma akwai masu haɗawa da kananzir, shi ma rage santsin mai yake. In dole ta sa ka saya, a fara zuba maka a gora mai haske ka gani, kuma kada ka yarda da na gindin durom. A gidan mai ma, in ka tarar tanka tana juyewa wuce gaba, lokacin ne ruwa da dattin ƙasan rijiya suke tasowa. Ka riƙa karɓar rasit, shi ne hujjarka in za ka kai ƙara wurin NMDPRA, hukumar da ke sa ido a kan harkar sayar da mai.

Duba ruwan tukuna, in da yawa sauke tankin, ɗaura filta mai kofi ta asali, ka riƙa leƙa kofin duk lokacin da ka sha mai a baƙon wuri da kuma kowace safiya a damina. Ka riƙa kwana da tanki a cike, domin raɓa ma tana taruwa a jikin tankin da ba komai. In an yanka tsohuwar filtar, turo mana hoton cikinta mu gani kafin ka biya kuɗin nozul.