Maganin jan ƙarfe ko sauya roba: amsa ga mai tashi da tankin murjani zuwa Daura

Malam, ka ce aiki ya mayar da kai Daura daga Katsina, ga tankin ruwan gishiri da murjani, ga kuma fararen ɗige-ɗige kamar barbashin gishiri sun feso wa kifayenka biyu. Kana tambaya: maganin jan ƙarfe (maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, ana zuba shi a ruwan kifi), ko sauya musu mazubi?

Ni a ganina tashin nan gaba ta kai ka. Kamo kifi daga tsakanin duwatsu shi ne jan aiki, kai kuwa dole ka kwashe komai. To in kun isa, kada kifi ko ɗaya ya koma babban tanki, har masu kama da lafiyayyu. Ƙwaron da ya saba kawo ɗigon nan, Cryptocaryon, yakan yi kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi, ya faɗo ya manne wa dutse ko yashi, ya rufe kansa da ɓawo yana hayayyafa. An taɓa ganin wanda ya kai kwana 72 bai fashe ba, shi ya sa ake barin tanki kwana 76 ba kifi. Murjani ya yi zamansa.

Jan ƙarfe ba ya taɓa na cikin ɓawo, sai 'ya'yan da suka fito neman kifi, don haka kwana 30 ake yi ba tare da ƙarfinsa ya sauka ba. Cupramine, wani nau'in maganin jan ƙarfe, a miligiram 0.5 cikin kowace lita ake riƙe shi, kuma da ma'auni, ba da ido ba. Nan zafinmu ke shigowa: ruwa na tsotsewa, magani na ƙara kauri. Ni da alƙalamin maka nake ja wa tanki layi, kowace safiya in cike da tataccen ruwa mara gishiri. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da katantanwa, dutse kuma shanye shi yake yi, sai a tanki tsirara. Wasu kifayen kan daina cin abinci.

Sauya mazubi kuwa ba magani ciki. Roba biyu, kowace da ragarta da tiyon iskarta. Kafin awa 72 ta cika ka ɗauke kifi zuwa sabon ruwa, ka bar ƙwaron da ya faɗo a baya. Sau huɗu, cikin kwana 13 an gama. Wadda aka bari a wanke ta, a kife a rana ta bushe ƙayau, rana kuwa ba mu da ƙarancinta. Sai dai sauyin nan yana cin gishiri, kuma ka san na girki ba ya yi. Ka makara da dare ɗaya, lissafi ya koma farko.

Abin da zai raba gardama shi ne ka haska kifin da tocila a duhu. In ɗigon ƙirguwa yake, kifi na cin abincinsa, kuma kana da gishiri a ajiye, sauya robar ya fi sauƙi a jikinsa. In ka ga kamar an barbaɗa masa ƙura, yana haki yana tsayawa a bakin famfo, wani ƙwaro ne daban, Amyloodinium, mai kisa cikin 'yan kwanaki, kuma ya fi sauyin awa 72 sauri. Wannan sai jan ƙarfe. Mutumin da ke fama da kwali da katifu a sabon gida, ni jan ƙarfen zan ce ya ɗauka, don mantuwa ba ta da wuya.

Ranar tafiya ka fita bayan asuba. Kada ka ba kifayen abinci tun ana gobe tafiya. Kifi a cikin kula (akwatin sanyi) da ɗan injin iska mai batir, dutse a bokiti ruwa ya rufe shi, tankin kuma fanko, don gilashi da ruwa ba ya jure gargada. Tsohon yashi ka zubar ko ka wanke shi sosai; na taɓa mayar da nawa haka nan, ɗaki ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, na rasa murjani uku. Ka riga su zuwa Daura da kwana ɗaya ka haɗa ruwa a 1.025 a ma'aunin gishiri, zafinsa wajen digiri 26, ka kuma gwada inbata kafin mota ta taso.