Gargaɗi ga masu sayen RAM a Garwa, Marwa da Ngaundare

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu shagunan buga takardu, da masu gidajen intanet, da malaman makaranta, da ɗalibai, da duk wanda ke da kwamfutar tebur yana neman ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, game da wani mai sayarwa da ke tallata kayansa a zaurukan WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook. Ba zan kawo suna ko lambar waya ba, domin yakan sauya su da zarar an fara gane shi, kuma ba na so in jefa wani bawan Allah cikin zargi saboda lambar da ta koma hannunsa daga baya. Abin da ba ya sauyawa shi ne salon aikinsa. Gyaran kwamfuta ita ce sana'ata a nan Garwa, kuma kayan wannan mutum sun iso teburina ta hannun mutanen da ba su san juna ba, amma labarinsu ɗaya ne.

Yakan sa hotunan baret-baret na RAM, wato 'yan sandunan da ake sokawa a gurbi cikin kwamfuta, cikin kwali mai tsabta, ya ce sabon zuwa ne daga Duwala, ya yanka farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa ƙwarai. Idan kun daidaita sai ka tura kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo, shi kuma ya ba motar haya saƙo. Kayan suna isowa, kuma wannan ne ya sa mutane ke sakin jiki da shi, domin mun saba da ɗan damfarar da ke karɓar kuɗi ya kashe waya. Sai an sa baret ɗin a kwamfuta matsala take bayyana: ko allo ya tsaya baƙi fanka na ta juyawa, ko na'urar ta riƙa ƙara ɗit-ɗit, ko ta tashi amma ta nuna rabin abin da aka saya, ko kuma ta yi aiki na ɗan lokaci sannan allo ya koma shuɗi ana tsakiyar buga takardar wani. Idan ka kira shi zai ɗauka, kuma cikin ladabi zai ce maka: "Alhaji, ka yi haƙuri, kayana ba su da matsala, kwamfutarka ce ba ta karɓa ba." Daga nan sai ya kawo shawarar da ita ce ainihin tarkon. Zai ce ka mayar masa da nasa, ka haɗa da tsohon baret ɗinka domin ya duba irinsa, ka ƙara ɗan kuɗi, zai aiko maka da wanda ya dace. Tsohon naka, wanda lafiyarsa lau, kuma sau da yawa ainihin ƙirar Samsung ko SK Hynix ne da ya zo tare da na'urar, ya tafi ke nan. Wanda ya bi wannan shawara yakan wayi gari ba kuɗi, ba tsohon RAM, ga kwamfutar da jiya take aiki ko da a hankali ne, yau ba ta tashi sam.

Dalilin da ya sa wannan ƙarya take shiga shi ne akwai gaskiya a kusa da ita. Lallai ba kowane RAM ne ke aiki a kowace kwamfuta ba, kuma mu masu gyara mukan faɗi wannan magana kullum. Amma rashin dacewa yana da dalilai sanannu waɗanda ake iya dubawa kafin a biya ko sisi, kuma mai sayarwa na kirki yakan tambaye ka samfurin na'urarka tun kafin ya faɗi farashi. Wannan mutum bai taɓa tambayar kowa ba.

RAM na kwamfutar tebur zamani-zamani ne. DDR3, wanda ya fito a 2007, yana da ƙafafun zinariya 240 kuma yana aiki da wuta bolt 1.5. DDR4 ya biyo baya a 2014 da ƙafafu 288 da bolt 1.2, shi ma DDR5 ƙafafunsa 288 ne amma tsagar da ke gindinsa ba a wuri ɗaya take da ta DDR4 ba. An yi wannan tsaga ne da gangan domin kada wani zamani ya shiga gurbin wani, don haka duk baret ɗin da ya ƙi zama kada a danna shi da ƙarfi, in ba haka ba gurbin ne zai karye. Akwai kuma DDR3L, wanda siffarsa ɗaya da DDR3 amma bolt 1.35 yake buƙata, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Misali, cikin tsofaffin na'urorin ofis da suka cika kasuwanninmu, Dell OptiPlex 7010 DDR3 take ɗauka, OptiPlex 3040 tana son DDR3L, ita kuwa 7040, wadda sa'ar 3040 ce, DDR4 take ɗauka. Wanda bai duba lambar da ke goshin na'urarsa ba zai iya sayen kaya mai kyau ya ƙi yi masa aiki, kuma wannan ba damfara ba ce. Haka nan tsofaffin manyan allunan cikin kwamfuta (motherboard) masu Intel G41 ba sa gane baret na 4GB mai ƙwayoyi takwas (baƙaƙen 'yan murabba'in da ke jikin baret), sai mai goma sha shida, takwas a kowace fuska.

Abin da na gani a kayan wannan mutum daban ne. Mafi yawansu RAM ne na manyan na'urorin sabar, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanan kamfanoni, irin waɗanda kamfanoni ke cirewa da yawa idan sun sabunta kayan aikinsu, shi ya sa ake samunsu da araha. A ido sun fi na kwamfutar tebur kyau, wasu har da rufin ƙarfe, kuma suna shiga gurbi daidai ba tare da gardama ba. Sai dai kwamfutar ofis ko ta gida ba za ta taɓa tashi da su ba, kuma duk mai sayar da RAM ya san haka. Alamar tana rubuce a takardar da ke manne a jiki. Bayan lambar gudu akwai harafi: idan ka ga PC3-12800U, harafin U yana nufin na kwamfutar tebur ne, idan kuwa PC3-10600R ko PC3L-12800R ka gani, harafin R na sabar ne, S kuma na kwamfutar hannu. Ko an goge takardar, ka dubi tsakiyar baret ɗin za ka ga wata ƙwaya da ta bambanta da sauran, kuma idan ka ƙirga ƙwayoyin za ka samu 9 ko 18 ko 36 maimakon 8 ko 16. A hotunan tallarsa kullum yatsa ko hasken fitila yakan rufe daidai wurin wannan harafi.

Nau'i na biyu ya fi ɓata mini rai, domin shi sai da aka zauna aka shirya shi. Wata Hajiya mai shagon buga takardu da kwafi ta kawo mini na'urarta tare da baret biyu a naɗe cikin leda, ta ce: "Ɗana, duba mini, an ce kowanne 8 ne, amma yaron shago ya ce injin 8 kawai yake gani gaba ɗaya." Takardar jiki ta ce 8GB, da sunan wani sanannen kamfani, amma bugun rubutun ya yi dishi-dishi kuma an manna ta a karkace. Da na ɗaga gefenta da farce sai ga sawun gam na tsohuwar takarda a ƙasa, ƙura ta manne masa. Na ɗauko madubin ƙara girma na karanta abin da ke kan ƙwayoyin: K4B2G0846. A lambobin Samsung, 2G ɗin nan yana nufin gigabit 2 ne a kowace ƙwaya, kuma gigabit takwas ne ke yin gigabait ɗaya, don haka ƙwayoyi 16 sun ba da 4GB cif. Da na 8GB ne na gaskiya da 4G za a gani a wurin. Na ce mata: "Hajiya, injinki lafiyarsa ƙalau, takarda aka sauya." Ta riga ta kira shi kafin ta zo, ya ce mata wai Windows ɗinta ne mai 32-bit shi ya sa. Gaskiya ne Windows mai 32-bit ba ya iya amfani da abin da ya wuce 4GB, amma wannan ba ya hana BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, nuna adadin da ke cikin na'ura, kuma ai injin Hajiya 8 yake nunawa, wanda ya riga ya ƙaryata shi. Kowa zai iya dubawa da kansa: a danna F2 a Dell, F10 a HP, ko F1 a Lenovo daidai lokacin da na'ura ke tashi.

Akwai na uku, wato baret mai lalatattun ƙwayoyi wanda aka sake rubuta bayanansa. Kowane baret yana da wata 'yar ƙaramar ƙwaya mai suna SPD da ke gaya wa kwamfuta girmansa da gudunsa da sunan maƙerinsa, kuma ana iya sake rubuta ta. Saboda haka manhajar CPU-Z mai nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, duk da amfaninta, abin da aka rubuta kawai take karantowa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne MemTest86, wanda ake sawa a filashin USB a tayar da na'ura da shi, ya bi kowane lungu na RAM yana rubutawa yana karantawa. Kuskure ko ɗaya ya fito da ja, baret ɗin ba abin dogaro ba ne. Irin wannan ya fi cutarwa, domin yakan yi aiki da safe, sai rana ta take, zafin watan Maris da Afrilu ya cika shago, ya fara lalata fayiloli ba tare da an sani ba.

Ba na so wannan rubutu ya sa a riƙa tuhumar 'yan kasuwarmu na gaskiya, waɗanda da yawansu na san amanarsu. Sau da yawa sabon RAM yakan ƙi aiki saboda abin da bai kai ya kawo ba. Ƙurar hunturu tana cika gurbi, don haka a hure shi, a goge ƙafafun zinariyar da abin goge fensir a hankali. A cire wayar wuta daga bango tukuna, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa baret, musamman a lokacin sanyi da iska ke bushewa jiki na tara lantarki. A danna gefe biyu har maƙallan su rufe da kansu a ji ƙas, domin baret da bai zauna sosai ba alamominsa ɗaya da matacce. A gwada guda-guda, kowanne shi kaɗai a gurbi na farko, sannan a haɗa. Idan an haɗa mai gudun 1333 da mai 1600, duka za su koma gudun na ƙasa, kuma wannan ba lahani ba ne. Wani lokaci cire ƙaramin batirin CR2032 da ke cikin akwatin kwamfuta na ɗan lokaci a mayar yakan sa na'ura ta karɓi sabon RAM. Idan an yi duk wannan, tsohon baret yana tashi sabo ba ya tashi, kuma sabon ya ƙi tashi a wata na'urar mai irin zamaninsa, to ba kwamfutarka ce ke da laifi ba.

Ba a cinikin biri a sama. Wanda zai sayi RAM ya ɗauki na'urarsa, ko aƙalla tsohon baret ɗin da lambar samfurin, ya je inda za a sa a gabansa, a shiga BIOS ya ga adadin da idonsa, a rubuta masa rasit mai ɗauke da lambar baret ɗin da kwanakin garanti. Wanda ke nesa, a Gidar ko Kusseri ko Mokolo, wanda dole sai an aiko masa, ya nemi hoton takardar jiki da na ƙwayoyin fuska biyu, a fili yadda za a iya karantawa, kuma ya wakilta wani nasa ya gwada kafin a tura kuɗi. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan buƙata. Kuma ko da wane dalili aka kawo, kada tsohon baret ɗinka ya bar hannunka kafin sabon ya ci gwaji.

Ga waɗanda abin ya riga ya shafa, na lura kunya ce ke hana yawancinsu magana, musamman manya da ke ganin bai kamata a ce an yaudare su a kan ɗan abin da bai kai tafin hannu ba. Wannan shirun shi ne jarin mutumin, domin kuɗin da yake karɓa a wurin kowane mutum bai kai wanda za a tayar da hankali a kansa ba, sai an tara ake ganin girman ɓarnar. Sashe na 318 na kundin dokokin hukunta laifuka na Kamaru ya haɗa zamba cikin laifukan da ake ɗaure mutum shekara 5 zuwa 10 a kansu, kuma akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 6 ga Mayu 2011. A adana hotunan hirar WhatsApp kafin ya goge, da saƙon shaidar tura kuɗi, da takardar karɓar kaya ta tashar mota. Kada a ɓare takardar da ke jikin baret ɗin kuma kada a mayar masa da shi, domin shi ne babbar shaida. A kai shi wurin mai gyara ya rubuta abin da takarda ta ce da abin da ƙwayoyi da gwaji suka nuna, sannan a shigar da ƙara a ofishin 'yan sanda ko na jandarma mafi kusa. Idan waɗanda aka cuta a gari ɗaya suka haɗu suka je tare, ƙarar ta fi samun kulawa, kuma lambobin da aka tura wa kuɗi suna da rajista da sunan wanda ya buɗe su, wanda hukuma ke da ikon nema daga kamfanin waya.