Gilashin masu gyaran waya a kan furen tsidau

A Farm Centre na saye shi, wajen masu kayan gyaran waya: ɗan gilashin ƙara girma ne mai ninkewa cikin gidan ƙarfe, da 'yar fitila a gefe. An rubuta 30x a jikinsa, amma cika baki ne kawai. Sai abu ya matso kusan santimita biyu da rabi yake fitowa tar, wato ninki goma ke nan. Ban damu ba, goman ta ishi mai duba tsiro.

Bayoloji nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke Gwale, don haka a kan tsidau na gwada shi, wanda ke shimfiɗe a filinmu duk damina, ya bushe ya bar mana ƙaya. Yara da ƙafa suka san shi. Furensa ruwan ɗorawa ne, faɗinsa kamar santimita ɗaya, mai fallaye biyar. Ta cikin gilashin sai ga zare goma masu ɗauke da garin fure, biyar sun ɗara biyar tsawo. Ganyen duk gashi ne lufluf, suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ɗan kuma yana rabuwa gida biyar, kowane gida da manyan ƙayoyi biyu, galibi da ƙanana biyu a ƙasa, shi ya sa ko ya ya faɗi sai wata ƙayar ta kalli sama.

A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa tsidau sunan kimiyya Tribulus terrestris. Danginsa Zygophyllaceae, inda masana yanzu ke saka aduwa ma. Da na faɗi haka wata ɗaliba ta ce, "Haba Malama, wannan ɗan abin da aduwa?"

Tsakiyar gilashin garau take, gefe ne ke dishi-dishi. Fitilar ba ta burge ni ba: farinta ya yi yawa, yana kashe launin furen, batirinta kuma ba ya jimawa. Hasken hantsi ya fi, lokacin ma furen yake a buɗe. Kusar da ke riƙe da murfin tana kwancewa, sai ana ɗaurewa.

A kafa shi dab da ido, a matso da furen, kada a miƙa hannu nesa. Kafin ki biya, ki duba ƙananan rubutun takardar naira da shi, ki kuma tabbatar gilashi ne, domin na roba ba ya daɗewa a hannun ɗalibai yake karcewa.