Majigi ko firinta? Ƙanena, sayi firinta

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan aji na analiz, wato darasin lissafi na shekarar farko a jami'a, da aka damƙa maka. Ka tambaye ni wanne za ka saya don ajin, majigi ko firinta. Tunda kuɗin hannunka ba za su ɗauki majigi da firinta gaba ɗaya ba, sayi firinta. Ƙarama, ta leza, mai buga baƙi da fari. Duka biyun na saya da gumina, firintar tana kan teburina a yanzu da nake rubuta maka, majigin kuwa yana cikin kwalinsa a saman kabad, shekara ta huɗu ke nan.

Shekarar da aka fara ba ni 'yan aji ɗaya a nan Jami'ar Marwa, yara sun kai 250 a amfi, wato babban ɗakin lacca. Na yi abin da na ga malamaina sun yi: lacca a allo, TD (darasin atisaye rukuni-rukuni), CC (gwajin cikin zango) guda ɗaya a tsakiyar zango, sai babbar jarrabawa. Da na zauna gyaran takardun ƙarshe a watan Fabrairu, a nan na fara sanin abin da ke cikin kan ɗalibaina, alhali bakin alƙalami ya riga ya bushe. Takarda bayan takarda, kuskure iri ɗaya. Wannan ya rubuta cewa deribe (ma'aunin saurin canji) na u sau v shi ne deribe na u sau deribe na v. Wancan ya raba ln(a+b) gida biyu kamar ln(ab) ne. Da yawa sun rantse cewa duk jerin lambobin da ke killace tsakanin iyaka biyu dole ya nufi wuri ɗaya, ba su taɓa tsayawa sun kalli (-1)^n ba, wanda ke tsalle daga 1 zuwa -1 har abada. Waɗannan kurakuran tun Nuwamba suke tare da su. Wata uku ina magana, su suna gyaɗa kai, ba wanda ya san an rabu a hanya. Na yi baƙin ciki ƙwarai a wannan makon, don laifin ba nasu ba ne su kaɗai.

Da zango ya zagayo sai na sayi HP LaserJet P1102, ta hannu, na fara gwajin minti goma sha biyar a farkon kowane TD. Tambaya biyu kacal, a rabin takarda. Ta farko mai sauƙi, daga darasin makon jiya: faɗi ma'anar kaza, ko lissafa iyakar kaza. Ta biyu kuma jimla ce guda, ɗalibi ya ce gaskiya ce ko ƙarya, in gaskiya ce ya kawo hujja, in ƙarya ce ya kawo misalin da ya rusa ta. "Duk fonksiyon da ba ta yankewa a wani ɗigo tana da deribe a wurin." Wanda ya tuna |x| a sifili ya tsira. Wannan tambaya ta biyu ita ce ta sauya mini aji, domin yaranmu da suka fito Taminal C da D, ajin ƙarshe na sakandare a ɓangaren kimiyya, sun iya lissafi, sun san ln da exp, sun taɓa entegiral kafin BAK, jarrabawar kammala sakandare. Abin da ba su saba da shi ba shi ne a ce musu "tabbatar". Analiz ta shekarar farko kuwa kusan dukkanta tabbatarwa ce.

A mako na huɗu takardun suka nuna mini abin da ban zata ba. Na ba su ma'anar iyakar jeri, wadda ke farawa da "ga kowane efsilon akwai N" (efsilon lamba ce sama da sifili, komai ƙanƙantarta), na ce su rubuta kishiyarta. Fiye da rabin ajin sun kasa juya "ga kowane" ya koma "akwai". Na dakatar da manhaja, na ba da TD guda cur a kan wannan kaɗai, da misalai na kasuwa: kishiyar "kowane shago a layin nan yana da buhun da ya jiƙe" ita ce "akwai shagon da duk buhunansa busassu ne". Da suka kama wannan, sauran zangon ya zo da sauƙi. Kuma kada ka yi fushi da su a kan efsilon. Leibniz ya buga aikinsa a 1684, amma sai a ƙarni na 19, a hannun Bolzano da Cauchy da Weierstrass, aka daidaita ma'anar iyaka yadda muke koyar da ita yau. Abin da ya ci wa manyan masana shekara ɗari da ɗoriya, muna son yaro ya haɗiye shi cikin mako uku. Dole ya maimaita, dole ya faɗi, dole a nuna masa inda ya faɗi tun yana tuna abin da ya rubuta.

Akwai wata yarinya daga wajen Mokolo da ba na mantawa da ita. Can baya take zama, ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Gwaji uku na farko ba ta wuce 3 bisa 10 ba. A ƙasan takarda ta uku na rubuta mata da jan biro: lissafinki daidai ne, hujja ce babu, zo ki gan ni. Ta zo tare da ƙawarta, kunya kamar ta nutse. Muka yi rabin awa a kan misali ɗaya. A mako na tara na ba su tambaya a kan ƙa'idar Rolle, wadda ta ce fonksiyon da ba ta yankewa, mai deribe, in ƙarshenta biyu daidai suke to akwai inda deribe ya zama sifili, na cire sharaɗin deribe da gangan don in ga wa zai lura. Ita ce ta zana |x| daga -1 zuwa 1, ta rubuta a ƙasa: ƙarshen biyu daidai suke, amma babu inda deribe ya zama sifili. Na daɗe ina kallon wannan rabin takarda. Da a tsohon tsarina ne, da sai a Fabrairu zan ga sunanta, a jerin masu ratirafaj, wato masu sake jarrabawa.

Kada yawan ɗalibai ya tsorata ka, yi lissafin da kanka. Yara 250, kowa rabin A4, takarda 125 ke nan a mako. Mako 12 ya zama 1,500, wato rim uku, tunda kowane rim 500 ne. Tona, wato garin tawada, mai lamba 85A da wannan firinta ke sha, kamfanin ya ce tana buga kimanin shafi 1,600, ka ga guda ɗaya za ta kai ka ƙarshen zango in rubutun ba mai yawa ba ne. Takardar atisayen TD ba sai ka buga wa kowa ba: buga ɗaya mai kyau ka ba wakilin aji, ka kuma tura ta wayoyinsu. Amma don Allah kada ka mayar da ita haja. Wasu yaran da ƙyar suke haɗa kuɗin ɗaki da na abinci.

Gyara shi ne aikin, ba zan ɓoye maka ba. Minti ɗaya da rabi a kowace takarda ya haura awa shida a mako. Ka raba da masu taya ka TD, amma ku zauna tare ku yanke rabon maki kafin kowa ya ɗauki jan biro, in ba haka ba rukunin wani zai fi na wani maki ba don ƙoƙari ba, yara kuwa suna gwada takardunsu. Ni maki huɗu nake ba tambayar farko, shida ta biyu, kuma wanda ya ce "ƙarya ce" ba tare da misali ba ɗaya kawai yake samu. Takardu su koma hannun masu su a TD na gaba. In ta kwana mako uku a jakarka, amfaninta ya tafi.

Game da yadda za ka shigar da wannan cikin maki: a sashenmu CC kashi 30 ne cikin 100, babbar jarrabawa 70, ka duba na ku kafin ka yi wa yara alkawari, kuma ka sanar da shugaban sashe tun farko. Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 cikin tsarin LMD (digiri na farko, na biyu da na uku) ta tashi, ta Garwa ta 2022 ma haka, kuma tsarin da kansa ya tanadi auna ɗalibi a tsawon zango, don haka ba sabon abu za ka kawo ba. Ni gwaji goma nake yi, in ɗauki takwas mafi kyau, su zama rabin makin CC, ɗayan rabin kuma gwaji babba na awa ɗaya a mako na bakwai. Zubar da biyun nan ya raba ni da rigima mai yawa. Sababbin ɗalibai wasu sai Nuwamba suke kammala rajista, wani zazzaɓi ya kwantar da shi, wani an yi masa rasuwa a Yaguwa ko Kuseri. Ba na neman takardar asibiti, ba na yin gwajin ramuwa, kowa ya san yana da biyu a aljihu. Duk wannan na rubuta shi a shafi ɗaya na raba a ranar farko, tare da jerin darussa: lambobi da hujja, jeri, iyaka, deribe, Taylor. Entegiral na Riemann sai zango na biyu.

Wani dalilin da ya sa firintar ta zama tawa ta kaina: kafin in saya, na taɓa kai tambayoyin CC wani shagon fotokwafi da yamma. Washegari na ga amsoshi a rubuce a cinyar wando da bayan kalkuleta. Ban kama kowa a shagon ba, amma tambayoyin ba ƙafa gare su ba. Yanzu da asuba nake bugawa a gida, iri huɗu, A zuwa D, lambobi daban amma wahala ɗaya, ta yadda maƙwabcinka a benci ba zai amfane ka da komai ba.

Majigi kuwa, yana da ranarsa. Nuna yadda gidajen Riemann ke sirancewa a ƙarƙashin lanƙwasa, ko yadda Taylor ke manne wa sin x, ya fi kyau a manhajar zanen lissafi ta GeoGebra. Wannan sau biyu ne ko uku a zango, ka ari na sashe, ko ka ce yara su sauke manhajar a waya tunda kyauta ce. Ban da haka, nawa ƙurar hunturu ta toshe shi, zafin Afrilu ya sa yana kashe kansa, in an ɗauke wuta lacca ta tsaya, kuma hujjar da aka haska gaba ɗaya a bango hotonta kawai yara ke ɗauka. Alli ya fi shi, don saurin hannunka shi ne saurin fahimtarsu.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, ka yi hattara da masu sayarwa. Firinta ta hannu da aka kwaso daga Amurka yawanci ta wutar 110 ce, tamu kuwa 220. Mai shago zai jona ta da taransifoma a ƙarƙashin tebur ta buga maka shafi tas, kai kuma ka kai gida ka soka a bango ta ƙone nan take. Juya bayanta ka karanta lambar wutar da idonka. Ka sa ya buga shafin bayanin na'urar a gabanka don ka ga yawan shafukan da ta taɓa bugawa, sannan ya buga goma a jere, ka duba ko tana cin takarda ko tana barin baƙin layi. Ka murza rubutun da yatsa: in ya goge, abin gasa takardar ya mutu, kuma gyaransa ya kusa kuɗin firintar. Tona ma haka, wadda aka sake cikawa ba laifi ba ce, ni ma ita nake amfani da ita, amma a sayar maka da ita a kuɗinta, kada a naɗe ta a sabon kwali a ce ta kamfani ce. Kada kuma wani ya lallaɓe ka da firinta mai ruwan tawada don tana da araha kuma tana buga kala. In ka tafi hutu wata biyu a zafin nan, kan ya bushe.

Ni a majigi aka cuce ni. A kwali an rubuta dubban lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, a ɗakin shagon mai duhu ya yi kyau, a amfi da rana ko layin gaba ba ya gani. Lambar da za a yarda da ita ita ce ANSI lumen, kuma ɗaki mai haske yana son 3,000 ko fiye. Agogon ƙwan ma ana iya mayar da shi sifili daga cikin saiti, don haka "sabon ƙwai ne" ba hujja ba ce. Na koma bayan kwana uku, mutumin ya ce kayan da ya fita ya fita, kuma ba ni da rasit.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da sharaɗin mayarwa na mako guda. Ka haɗa da sitabilaiza mai ƙarfi, amma kada ka jona firintar leza a ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, tana jan wuta da yawa lokacin da take ɗumama. Canjin da ya rage ka sayi rim uku da kwalin jan biro. In ka shirya, yi mini magana ta gefe in turo maka tambayoyina na mako huɗun farko, ka gyara su daidai da ajinka.